Ragowar Irin Gero

Gagarawa

Gwaggo Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya aiki, ya ɗalibanki a Gumel?

Gwaggo, hankalina a tashe yake. Tun rasuwar Baba, wannan ce daminar farko da gona take hannuna. Da ruwan fari ya sauka na shuka gero, ya tsiro, sai sama ta ɗauke. Yanzu ganyen duk ya nannaɗe. Iri kaɗan ya rage mini. Maƙwabcina Ubale ya ce mu yi binne, mu zuba irin a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. In ya lalace, ba ni da wani, ga Inna da ƙannena ni suke kallo. Ko tuwo ya ƙi shiga.

Ɗanki,
Ilu

Gumel

Ilu ɗana,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Ka gaida Innarka.

Da farko, ci tuwonka! Bayan haka ku durƙusa kai da Inna, ka faɗa wa Ubangiji tsoronka yadda ka faɗa mini, kada ka yi masa ado. Kada ka taɓa irin nan tukuna. Binne ba laifi ba ne, amma kai firgici ne ke tura ka.

Dogara ga Allah kuma ba naɗe hannu ba ne. Je gona, tona gindin shuka ka duba saiwa. In da rai, kama fartanya, kada ciyawa ta shanye 'yar laimar da ta rage. Ban yi maka alkawarin ruwa ba, ɗana. Na dai san Wanda ya riƙe gidanku har yau bai gaji ba.

Gwaggonka,
Rifkatu

Gagarawa

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Saiwar na da rai, na gama noma.

Ubale ya yi binnensa. Yayyafi ya ruɗi irin, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Jiya ya same ni a gona, ya ce, “Kai Ilu, wannan natsuwa taka, a wace kasuwa ake sayar da ita?” Muka yi dariya, amma idonsa ya kaɗa. Na raba ragowar irin biyu, na ba shi rabi.

Har yanzu ba hadari. Da zarar ruwa ya sauka, tare za mu shuka.

Ki huta lafiya,
Ilu