Sun Hana Ni Shiga Ɗakin Jikana

'Yar nan, agaza mini da shawara, dabarata ta ƙare.

Jikana direba, wanda nake wa tsiya da mijina marar cefane, shi aka yi wa dashen ƙoda makon jiya. Uwarsa, 'yata ta fari, ita ta ba shi tata. Tun da aka fito da shi suka killace shi a ɗaki mai gilashi. Mai shiga sai ya wanke hannu ya sa takunkumi, ni kuwa don ɗan tarin da nake yi an ce ko ƙofar kada in taɓa. Wai ni ce haɗari! Ni da na goya shi har bayana ya lanƙwashe.

Yanzu aikina leƙe. Roba a wuya, roba a ciki, ga jakar fitsari rataye a gefen gado. Nas ta auna ta gyaɗa mana kai, dangi su hau hamdala. Yaron da na sha zanewa kan fitsarin kwance, yau fitsarinsa ake wa murna! Na fara dariya, sai ga hawaye.

Jiya na ga fuskarsa ta kumbura, hannunsa na rawa. Ina da jiƙon saiwa da na raini 'ya'yana da shi, bai taɓa ba ni kunya ba. Yana cikin filas a jakata. Mun saba da mai share ɗakin, na san ba za ta ƙi shigar mini da shi ba. Likita ya ce kada a ba shi komai daga waje, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. In ya tafi ban ba shi ko kurɓi ɗaya ba fa?

Kaka mai leƙen gilashi

AMSA

Kaka, sannu da jinya. Hannun da ya saba da raino, a ce masa zauna, dole ya ji ciwo. Amma jiƙon nan ki zubar da shi yau.

Jikinsa na kallon sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, zai iya yaƙarta. Shi ya sa ake ba shi magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki, ana auna su a jininsa. Saiwa na iya rage musu ƙarfi ko ta sa su yi yawa, ƙodar da 'yarki ta kwanta aka ciro ta lalace. Wannan kwantar da garkuwar ne kuma ya sa tarinki zai iya kayar da shi. Je ki a duba miki tarin.

Kumburi da rawar hannu sukan zo daga maganin, amma ki tare likita ki tambaya, haƙƙinki ne. Mai shara kuwa, kada ki ja mata kora.

Ki nemi a miƙa masa waya, ki tsaya inda zai gan ki, ki zuba masa tsiyar da ya saba ji. In an sallame shi, shan magani a kan lokaci na tsawon rai ne, yana buƙatar mai mita. A nan ba ki da na biyu.

Allah ya sa ƙodar ta zauna, ya tashi kafaɗun uwa da ɗa, ke ma ya ba ki lafiya.