Injin Baba Ba Zai Hau Sikeli Ba

Tudun Wada, Minna
3 ga Maris

Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Zuliha da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda, ita ba a kashe ta.

Jiya Ishaku ɗan gwangwan ya zo da sikelinsa, wai kai ka turo shi ya auna injin sassaƙa ƙarfe na marigayi Baba. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi bakin ƙofa. Injin da Baba ya yi shekara talatin a kansa bayan ya bar aikin reluwe ba zai tafi a kilo ba, muddin ina numfashi.

Na san hujjarka: babu wanda ya gaji hannun Baba, kuma yanzu injin kwamfuta ake yayi. To ai karatun injiniyan da na yi ba don ado ba ne. Na ɗaura ƙaramin moton lantarki a kan kowane hannun juyawa na injin, na yi odar allon sarrafawa daga Legas, na haɗa akwatin sarrafa injin da kaina, na jona shi da tsohuwar kwamfutata. Wanda ya sayar mini da wayoyi har da tambayar ina maigidan da zai haɗa. Ka ba ni zuwa Sallah kawai.

Ƙanwarka,
Barira

28 ga Maris

Yaya Muttaka,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. An ce gwiwar ta yi sauƙi, alhamdulillahi.

Ba zan ɓoye maka ba, na sha kunya. Ndatsu mai injin casar shinkafa ya kawo aikin farantin ƙarfe mai ramukan noti shida. Sau uku ina yankawa, sau uku noti yana ƙin shiga. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na sake lissafi, komai daidai. Ranar har na fara tunanin ko kai ke da gaskiya, kuma wannan tunanin ya fi komai ƙona mini rai.

Sai na tuna wani abu. Kafin Baba ya yanka ƙarfe, yakan ja hannun injin baya rabin juyi, sannan ya dawo da shi gaba. Ka tuna muna yara muna tsokanarsa wai gaisawa suke yi? Ashe dogon sukurun da ke tura teburin injin ne ya cinye, yana da wasa, wato yakan ɗan juya a banza kafin ya kama, Baba kuwa yana kashe wasan da hannu bai taɓa faɗa wa kowa ba. Na auna wasan, na koya wa akwatin ya riƙa yin haka.

Yaya, da na danna maɓalli, hannun nan ya ja baya shi kaɗai, ya dawo, daidai yadda Baba ke yi. Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai. Noti shida duk sun shiga, Ndatsu ya tafi da farantinsa.

Na ji ka ce Ishaku ya dawo bayan Sallah. Kada ka wahalar da bawan Allah. Ka zo da kanka, ka tsaya ka ga hannun nan ya ja baya. In bayan haka zuciyarka ta ba ka, sifanar kwance noti tana nan inda Baba ke rataye ta, sai ka kwance injin da hannunka.

Ka gaishe mini da kowa da kowa. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Barira