Kek Ɗin da Ya Cire wa Surukina Haƙori

Gwaggo Kulsumu, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni matar aure ce a Kaura Namoda. Watan jiya aka yi walimar saukar karatun ƙanen maigidana a Dauran, sai na ce ni zan yi kek, don dangin miji su san ni ma na iya wani abu. Ƙawata Saliha ta Shinkafi ta turo mini yadda ake yi ta waya: fulawa kofi biyu, ƙwai uku, rabin kofin sukari, rabin ledar bota, rabin cokalin hodar tashi, a gasa minti arba'in. Amma nata na mutum goma ne, ni kuwa hamsin zan ciyar.

Maigidana Hamisu ya ce in bar masa lissafin. Fulawa da ƙwai ya ninka sau biyar. Da ya zo kan rabi sai ya ninka sama, ya ninka ƙasa, ya samu biyar bisa goma, ya ce ai wannan rabi ne. Wai ya gano rabi ba ya ƙaruwa ko sau nawa aka ninka shi. Har kabbara ya yi. Ni kuma, don kada a bar ni a baya, na ninka lokacin gashin sau biyar. Sama da awa uku ina ta ƙara gawayi ƙarƙashin tukunya.

Gwaggo, abin da ya fito sai da muka kama shi mu biyu. A wurin walima wuƙa ta lanƙwashe. Baba Malam, surukina, mutum ne mai kara, ya ce ba za a kunyata amaryar ɗansa ba. Aka saro masa gefe da gatari, ya yi bisimilla ya gatsa. Haƙorinsa na gaba ya zauna a ciki. Yanzu in yana jan salla, feɗuwa ke fita wurin harafin sin. Ragowar kek ɗin kuma da shi suke tokare ƙofar garke.

Dattawan gida suka zauna suka raba laifin uku: sulusi nawa, sulusi na Hamisu, sulusi na haƙorin don dama yana girgiɗi. Sai Hamisu ya miƙe ya ce shi namiji ne, ba zai ɗauki daidai da mace ba, a ba shi ɗaya bisa huɗu tunda huɗu ta fi uku. Aka yi ta sa masa albarka. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Ga shi jiya baƙi takwas suka zo, Hamisu ya auno rabin tiyar shinkafa yadda ya saba auno mana mu biyu, ya ce ko ya ƙara, rabi ne zai dawo. Kuma uwar mijina ta ce ni zan yi kek ɗin bikin autarta bayan salla. Ban sani ba, yafiya ce ko tarko? Ina son mijina, amma ina tsoron a ƙarar da haƙoran gidansu.

Taki, Mai Tukunya.

Amsa:

Ɗiyata Mai Tukunya, share hawayenki, abin bai kai nan ba.

Rabi yana ƙaruwa. Kada ki yi musu da Hamisu da baki. Ki ajiye roba gabansa, ki ba shi kofi, ki roƙe shi ya zuba rabin kofin gero sau biyar, sannan ya auna abin da ya taru. Kofi biyu da rabi zai gani. Ki yi haka ku biyu kawai, ba gaban ƙannensa ba, kuma ki bar shi ya ce shi ya gano. Sama ake ninkawa, a bar ƙasa yadda take.

Amma ke ma da naki. Kayan haɗi ake ninkawa, ba a ninka wuta. Ki raba ƙullun a ƙananan gwangwanaye, ki riƙa soka tsinke. In ya fito a bushe, ki sauke.

Batun laifi kuwa, zuciyarki ta yi gaskiya. Ɗaya bisa huɗu bai kai sulusi ba, don haka mijinki ragi ya samu aka sa masa albarka. Sai dai na yarda cewa da kyakkyawar niyya ya yi, kuma namijin da ke neman a ƙara masa laifi abin riƙewa ne. Ɗan guntun da ya rage ba mai shi, ɗaya bisa sha biyu, ku bar shi nan, kada ki tada zancen.

Ki karɓi aikin bikin. Matar da ke son kunyata ki ba za ta sa bikin autarta a caca ba. Ki fara gwada na mutum biyar, wato rabin na Saliha: ƙwai ɗaya da rabi, ki kaɗa biyu ki rage kwata. Kafin nan ku kai Baba Malam wurin likitan haƙori, ki riƙa aika masa kunu mai laushi.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa albarka a hannunki, ya bar ku tare.

Gwaggo Kulsumu.