Rigar Zem ta Mansour

Titirou, Parakou

Zuwa ga Kawu Saley,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk 'yan tashar zem ta Djougou.

Kawu, wata alfarma nake nema. Binciken da zan gama jami'a da shi a kan lafiyar 'yan zem ne, masu ɗaukar fasinja a moto. Yanzu ba a yawo da takarda, tambayoyin a intanet suke. Zan turo maka lien, wato adireshin shafin, ta WhatsApp, mutum ya danna kawai ya amsa a wayarsa. Tunda kai ne shugaban tasha, in ka ce a cika, babu mai ƙi. Na haɗa da saƙon murya da Hausa da Dendi, inda na rantse musu cewa babu suna, babu lambar waya, babu mai sanin abin da wani ya faɗa. Ban da tambayoyin lafiya, garinsu da shekarunsu kawai nake tambaya.

Ka gaida Inno. Na ba direban motar safe wannan wasiƙa, tunda na san ba ka son dogon zance a waya.

Ɗanka,
Haidar

Djougou

Ɗana Haidar,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya yi maka albarka.

An cika. Da farko sun yi ta noƙewa, wai aikin 'yan haraji ne. Mansour, mijin yayarka, shi ya tashi ya ce ya san ka tun kana tsere da gargare, ba ka rantsuwa a banza. Shi ya fara dannawa, sauran suka bi.

To, da fuskata aka yi wannan aiki. Ka turo mini abin da suka ce in gani, kada in zama shugaban da aka yi abu a tasharsa bai san cikinsa ba.

Ka dinga cin abinci. Inno ta ce a hoton da ka sa a waya wuyanka ya yi tsawo.

Kawunka,
Saley

Djougou

Haidar,

Sallama dai, don ba a fara wasiƙa babu ita.

Me ka aika wa Kawu? Ina tambayarka, me ka aika masa? Shekaranjiya ya kira Mansour bayan rumfa ya karɓe rigarsa ta zem, mai lambar. Ka san babu riga, babu ɗaukar fasinja a garin nan. Mutumin nan ya shigo gida da singileti kamar wanda aka yi wa fashi.

Ni matarsa ban san yana da dundumi ba. Ashe tun bara da magariba ta yi ba ya gani sosai, shi ya sa yake dawowa da wuri, ni kuma ina masa tsiya wai son jikinsa ya yi yawa. Bai faɗa mini ba, bai faɗa wa uwarsa ba. Kai ya faɗa wa, a cikin tambayoyin nan naka, don ka ce wallahi babu mai sani.

Yara uku gare mu, Haidar, ga na huɗu a hanya. Ka amsa mini.

Zoulaïha

Titirou, Parakou

Zuwa ga Kawu Saley,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Kawu.

Laifin nawa ne. Da ka ce in turo, kamata ya yi in ba ka jimla kawai, kashi kaza sun ce kaza. Sai na kwashe amsoshin gaba ɗaya, layi-layi, na tura. Kunyar ce maka a'a ta hana ni tsayawa in yi tunani, kuma gaskiya ina son ka ga yawan aikin da na yi. Na ce a raina ai babu suna. Malaminmu ya sha ja mana kunne a kan haka, ni da na ci wannan darasin da maki mai kyau!

Kawu, abin da ka gani ba naka ba ne, ba nawa ba ne ma. Amana ce aka ba ni, na yi sakaci da ita. Don Allah ka mayar wa Yaya Mansour da rigarsa, ka yi kamar ba ka karanta ba. Ko ka bar shi ya yi aikin rana kawai. Tun da wasiƙar Yaya Zoulaïha ta zo na kasa buɗe ordinatar, kwamfutar da amsoshin suke ciki.

Ka yi mini wannan, ba don halina ba.

Ɗanka,
Haidar

Djougou

Ɗana Haidar,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, na karanta na sake karantawa.

Ka ce babu suna. Ɗana, ina ruwana da suna? Mutum biyu ne daga Bariénou a tashata, ɗayan ya girme ni. Da na ga Bariénou, na ga shekarun, kamar Mansour ne tsaye a gabana. Ku a Parakou lamba kuke gani, mu nan kowa mun san kakansa.

Kana tsammani daɗi na ji? Ni na kai shi tasha da hannuna. Amma ya rubuta cewa ya taɓa faɗawa rami da fasinja bayan magariba, ya ce mana taya ce ta fashe. Shi ke ɗauko 'ya'yan Hindou mai ƙosai daga lakol, makarantar boko, uku a bayansa. Aikin rana da kake cewa, in hadari ya haɗo fa? In fasinja ya tsayar da shi a ƙauye har rana ta faɗi fa? Ka ce in yi kamar ban gani ba. In ya kashe ɗan wani, ranar lahira ni da kai wa zai ce bai sani ba?

Da ban nema ba, da ba ka turo ba, na san wannan. Ni ma kwana biyun nan abinci ba ya shiga. Amma riga tana wurina har likitan ido ya ce ya warke. Na faɗa masa ni zan kai shi.

Sauran kuma sun gane daga ina zancen ya fito. Kada ka sake turo musu komai.

Kawunka,
Saley

Titirou, Parakou

Yaya Zoulaïha,

Assalamu alaikum. Na san ba ki son ganin rubutuna, amma ki daure.

Na roƙi Kawu, ya ƙi, kuma na kasa cewa bai da gaskiya. Wannan ya fi komai damuna. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi: na rantse, na saɓa.

Saura kaɗan in gabatar da aikin gaban malamai. Ina ganin in goge amsar Yaya Mansour, ko ma in watsar da binciken duka in sake wani baɗi. Ba zan iya karɓar takardar shaida da sirrinsa a ciki ba sai da yardarsa. Na kira shi bai ɗauka ba. Ki tambaye shi, abin da ya ce shi zan yi.

Ki gaida yara. Allah ya sauke ki lafiya.

Ƙaninki,
Haidar

Bariénou

Haidar,

Wa alaikas salam. Mun dawo ƙauye, Mansour yana taya babansa aikin doya. Likita ya ce idon sai a hankali, bai yi alkawarin komai ba.

Na karanta masa wasiƙarka. Ya ce kada ka goge. Ya ce gaskiya ya faɗa, kuma ba shi kaɗai ke hawa moto da irin idon nan ba, tunda ta riga ta raba shi da aiki, ka bar ta ta amfani wani. Ya ce ka yi karatunka da kyau, kuma in gaishe ka.

To, na isar da tasa. Tawa gaisuwar ba ta samu ba tukuna.

Zoulaïha