Hancin Baba

Gida, bakin kogin Piave
9 ga Oktoba, 1974

Yaya Dorina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara. Yaya ƙirjin maigidanki? Ƙurar kwal ɗin Beljiyam tana barinsa ya runtsa? Mu nan sai godiyar Allah, in ban da abin da zan faɗa miki, wanda ko Fada a coci ban faɗa wa ba.

An gama matsar inabi, manoma sun fara kawo mana dusar, ɓawo da ƙwaya, tun da ɗuminta. Ranar Litinin muka hura wuta a ƙarƙashin tukunyar tagulla. Kin san yadda ake rabon aikin: ni da shebur, Baffa Tarcisio da itace da surutu, Baba a gaban famfo. Shekara ashirin kina ƙasar mutane, bari in tuna miki. Abin da ke fara ɗigowa shi ne kai, mai wari kamar ɗanyen fenti, wanda ke fasa wa mutum kai, in ya yi yawa har ido yake taɓawa. Bayansa sai zuciya, ita ce barasar grappa ta gaskiya. Wutsiya mai maiƙo ce ta ƙarshe. Babu agogon da ke faɗin inda kai ya ƙare. Baba ne zai ɗiga a bayan hannunsa, ya shinshina, ya ce "Yanzu," ya murɗa famfo zuwa tulun zuciya. Haka Kaka Gelindo ya yi tun yana tura tukunyarsa a amalanke daga gona zuwa gona, kuma kin sha jin maganarsa a bakin Baba: tagulla ana saye, hanci sai an gada.

Yaya, Baba ba ya jin wari.

Tun murar da ta kwantar da shi a watan Maris nake zargi. Ran nan tuwon masara ya kama a tukunya har hayaƙi ya kore kyanwa daga kicin, shi kuwa yana zaune dab da murhu yana karanta jarida. Na ce a raina tsufa ne. To, ranar Litinin, a tukunyar farko, ya ɗiga, ya kai hanci, ya ce "Yanzu." Ni da ke taku biyar da shi ina jin warin fentin nan har cikin maƙoshina. Ya zuba kai a cikin zuciya, fuskarsa a sake, har yana 'yar waƙa. Tun daga wannan tukunyar ba mu sake hura wuta ba, sai gobe.

Kin tuna abin da ake yi da tulun farko. Shi ake buɗewa ranar bikin San Martino, sha ɗaya ga Nuwamba, a zuba wa Fada da maƙwabta da manoman da suka kawo dusa, a sha da gasasshen kastanya, 'ya'yan itacen nan masu ɓawo. Saura wata guda da kwana biyu. Na ɗaura wa tulun jan zare a wuya, na tura shi can lungu, amma ɓoye tulu ba ya ɗage San Martino.

In na yi shiru, mutum talatin za su sha abin da na san ba shi da kyau. In na yi magana, na kashe Baba da ransa. Mutumin da tun rasuwar Mama ba abin da ke tashinsa da safe sai wannan famfo. Ga Baffa Tarcisio da kullum bakinsa na kan injin zamani mai alluran awo da ya gani a Treviso. In ya ji wannan labari, ai ya samu abin da yake so.

Ki rubuto da wuri. Abinci ma ba ya shiga mini.

Ƙanwarki,
Nives

27 ga Oktoba

Yaya Dorina,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida yara. Takardarki ta iso, na gode da hoton 'yarki Marisa, ta zama budurwa, goshin Mama sak.

Kin ce in zaunar da shi in faɗa masa kawai. Faɗa da sauƙi daga Beljiyam! Sau uku ina ɗaura niyya. Na ƙarshe har na buɗe baki, bayan cin rana, yana ɗauraye kofin gahawarsa da 'yar grappa kamar kullum. Ya kai kofin hanci, ya lumshe ido, ya ce, "Kin ji ƙamshi, Nives? Ta bara ta yi kyau." Sai na ce masa ƙwarai kuwa, Baba, na tashi na kama wanke-wanke, ina kuka a kan kwanuka kamar wata sakarya.

Amma an samu wata dabara, ba ma da niyya ba. Washegarin ranar da na rubuto miki, ina tsaye da shebur, na ji warin fenti ya janye, ƙamshin zuciya ya taso. Don firgicin kada ya wuce, sai na yi gyaran murya. Baba ya ɗiga a hannu, ya shinshina, ya ce "Yanzu." Daidai wurin. Da wutsiya ta zo na sake yin ɗan tari, ya sake murɗawa. Yau kwana goma sha bakwai ke nan muna haka, tukunya huɗu a rana, ko ɗaya ba ta ɓaci ba. Ko ya san abin da ke faruwa, ko hannunsa ne kawai ke bin tarin, ban sani ba, kuma ba ni da ƙarfin halin tambaya.

Ni da aka ce mace ba ta yanka a gidan nan, wato raba kai da zuciya a famfo, ashe shekara ashirin da biyu ina shebur hancina yana makaranta. Ba na jin daɗin abin ko kaɗan. Ji nake kamar ina yi wa Baba sata a aljihu.

Baffa Tarcisio ya fara sa ido. Jiya ya ce, "Ke Nives, wannan tari naki mai ilimi ne, ba ya zuwa sai babanki zai yanka. Ko mu kai shi jami'a a Padova?" Na ce masa hayaƙin ɗanyen itacen da yake kawowa ne, ya je ya koyi busar da itace kafin ya koya mini tari. Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba.

Tulun mai jan zare yana nan a lungu. Na yi tunanin in fasa shi in ce tsautsayi ne. To bana na fasa, baɗi fa? Saura mako biyu. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Nives

12 ga Nuwamba

Yaya Dorina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi ruwa, itace ya jiƙe, ɗakin tukunya ya cika da hayaƙi. Kai bai daɗe da fara ɗigowa ba, warinsa na yanka ido, sai hayaƙin ya sarƙe ni na yi tari. Tari na gaske, Yaya. Ina ɗagowa na ga hannun Baba a kan famfo. Ban san lokacin da na jefar da shebur na damƙe wuyan hannunsa ba, na ce da ƙarfi, "Ba yanzu ba, Baba! Kan bai ƙare ba!"

Baffa ya tsaya da itace a hannu, baki buɗe. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya dubi hannuna a kan nasa, ya ce, "To ke, in za ki yi tari na banza, ai sai ki gaya wa mutum." Baffa ya ce masa, "Yaya, me ke nan?" Baba ya ce, "Abin da ka gani, Tarcisio. Hancina ya mutu tun Maris, wata guda ina cin arzikin maƙoshin 'yata. Sa itacenka a wuta, kada in ji maganar injin Treviso yau."

Ashe tun ranar da ya ga jan zare ya gane. Ya ce kunya ce ta hana shi magana, ya ga ni ma na rufa masa asiri, sai ya bi ni a haka. Da hannunsa ya jawo tulun, ya ƙi a taimaka masa, ya kai bayan gida ya tuntsurar a kwata. Ya tsaya har ɗigon ƙarshe, ni kuwa ina kallon bayansa, na ga yadda ya rame.

Da ya dawo ya matsa gefe, ya bar mini wurin da ba wanda ya taɓa tsayawa sai shi da Kaka. Ya ce, "Gidan nan ba a yanka da tari. Ki faɗa da baki." Na ɗiga a hannu, na jira, na jira, sannan na ce "Yanzu." Muryata ta fito 'yar ƙarama. Baffa ya ce ko sauro ya fi ni amo, amma ya cire hularsa.

Jiya aka yi San Martino da tulu na biyu. Baba ya miƙa mini kwalbar a gaban kowa, ni na zuba wa Fada. Wasu tsofaffi sun kalli juna, amma ba wanda ya bar ko ɗigo a kofi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na yau da safe. Muna kan tukunyar ƙarshe ta bana, zuciya ta fara zuba, sai na ga Baba ya ɗiga a bayan hannunsa, ya kai hanci kamar yadda ya saba shekara hamsin. Ya sauke hannun a hankali, ya miƙo mini, ya ce, "Nives, faɗa mini, kamar me take?" Na shinshina, na ce kamar ɗakin da Mama ke jera tuffa a kan ciyawa, in an buɗe ƙofarsa da sanyin safiya. Ya rufe ido, ya ce, "Ita ce." Sannan ya ce in sake faɗa.

Ki zo Kirsimeti, Yaya, ko ke kaɗai. Ki zo da duk abin da kike tunawa na ƙamshin gidan nan, nawa kalmomin ba za su ishe shi ba.

Ki gaida maigidanki da yara.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Nives