Kuɗin Bikinmu da Idon Dogo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya aiki, yaya zaman nesa da gida? Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema, ya raya mana yaran nan. Mu ma nan muna lafiya, alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, yanzu tana hawa bene ba sai ta tsaya hutawa a tsakiya ba, sai dai har yanzu faɗa ake yi da ita kafin ta sha magani. Auta ta gama jarrabawa tana jiran sakamako, ta ishe mu da barci da cin abinci. Kawu ya yi zazzaɓi kwanakin baya, amma ya miƙe har ya koma shago.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Sau uku ina kiranka da niyyar in faɗa maka abin da ke raina, da na ji muryarka sai in ɓige da tambayar yara da makarantarsu. Shi ya sa na ce bari in rubuta, in kuka ya zo mini in ajiye biro in dawo. Maganar bikina ce da Dogo, abubuwa sun canja, kuma bai kamata ka ji a bakin wani ba.

Sau ɗaya ka taɓa ganin Dogo, lokacin rasuwar Baba. Shi ne direban motar da ke ɗauko mu ma'aikatan otal da safe ta mayar da mu da yamma, wanda ya yi ta jigilar masu gaisuwa kwana uku ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, har ka ce wannan in zai shigo ɗakinmu sai an ɗaga masa ƙofa. Shekara uku ke nan da muka buɗe asusu ɗaya a banki ni da shi. Duk ƙarshen wata ya zuba nasa in zuba nawa. Na daina sayen abinci a wurin aiki, daga gida nake tafiya da shi a kwano. Ranar hutuna ina karɓar gugar maƙwabta. Shi kuma ya bar shayin bakin titi, takalminsa ɗaya ya kai wa mai gyara har mai gyaran ya ce ya ji tsoron Allah ya sayi sabo. Tun farko ba mu ɗauko da faɗi ba. Ni da nake ɗakin wanki, duk bikin da aka yi a zauren otal ɗinmu a hannuna yake ƙarewa. Washegari a turo mana zannuwan tebur cike da kwando, duk miya da lemo, a bayan kicin kuma a yi ta juye shinkafar da ba a taɓa ba. Na ga amaren da ba su yi wata shida ba mijin ya fara ɓoye wa mai zaure saboda bashi. Saboda haka muka tsaya a kan mutum ɗari da hamsin, ƙaramin zaure a unguwa, wanda kai ka ce ka ɗauke mana kuɗinsa, Allah ya saka maka da alheri.

Muna da takarda guda da muke rubuta komai a ciki. Duk ranar hutuna da la'asar yakan zo mu zauna a bencin ƙofar ɗaki mu duba abin da ya shigo da abin da ya rage. Kusan wata shida da suka wuce ya fara miƙo mini takardar ya ce in karanta masa, wai ya fi son ya ji da muryata. Na ɗauka soyayya ce, Auta ma ta yi ta tsokanarmu. Bayan nan aka kawo wani direba a motarmu, Dogo ya ce an mayar da shi wata hanya ce. Na yarda. Agogon hannunsa ya ɓace, ya ce ya lalace. Babbar wayarsa ta koma ƙarama mai maɓalli, ya ce ta fi riƙe caji. Kasonsa kuwa bai taɓa yin latti ba ko da kwana ɗaya, to me zai sa in yi zargi?

Ranar wata Laraba ina shiga mota sabon direban ya gaishe ni, ya tambaye ni yaya idon Dogo. Na ce da sauƙi, don kunya ta hana ni nuna ban san komai ba. Shi kuma bai san ya yi ɓaranɓarama ba, ya ci gaba da cewa abin tausayi ne, mutumin da bai taɓa ko gogar mota ba a ce an sallame shi saboda gwajin ido. Wata huɗu ke nan, in ji shi. Yaya, ban san yadda na yi aikin ranar ba. Na ƙona rigar wani baƙo, abin da ban taɓa yi ba tunda na kama aiki.

Washegari na nemi izini na tafi ɗakinsa da rana, na yi sa'a ranar bai fita ba. Ba talabijin, ba fanka, ba kujerar nan tasa. Katifa ce kawai da buta, sai kayan aikinsa a rataye, a goge tas. Ashe kullum da safe yakan saka su ya fita don kada maƙwabta su gane, ya je garejin wani abokinsa ya zauna har yamma. Kayan ɗakin kuwa su yake sayarwa ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a asusunmu. A nan na yi wani abu da har yau nake jin nauyinsa. Na zaro takardar kayan wanki daga jakata, wadda ake rubuta zannuwan gado da tawul, na miƙa masa na ce ya duba mini kuɗin zaure ko daidai na rubuta. Ya riƙe ta ya daɗe yana kallo, sannan ya ce daidai ne. Sai na fashe da kuka. Da ma tambayarsa na yi kai tsaye, da ban sa shi ya yi mini ƙarya ido da ido ba.

Ya zauna a bakin katifa ya faɗa mini komai. Likita ya ce ruwan cikin idon ne ya yi yawa yana matse jijiyar gani a hankali, ba ciwo ba komai, shi ya sa bai farga da wuri ba. Na hagu ya riga ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama ana iya yi masa aiki a tsayar da abin da ya rage, amma tun wata uku da aka ce ya zo bai je ba, don kuɗin da yake da shi duk na biki ne, rabi kuma gumina ne. Da ya gama sai ya ce, "Ki kwashe duka, da naki da nawa. Na yafe miki alkawarin da ke tsakaninmu, ba makaho kika ce za ki aura ba." Na ce masa ni ban yafe ba, kuma gobe da safe asibiti za mu.

Da na dawo gida na faɗa wa Inna, ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta yi ta murza gefen zaninta. Can ta ce ita ba ta ƙin Dogo, ta san ɗan kirki ne, amma shekara huɗu ta yi tana jinyar Baba, ta san abin da ake nufi da ɗaukar namiji babba a hannu, kuma ba ta so in fara aure daga inda ita ta ƙare nata. Na san gaskiya ta faɗa. Kwana uku muna wuce juna a ɗaki ɗaya ba mai cewa komai sai gaisuwa. Rana ta huɗu ina shirin fita ta tambaye ni mutum nawa babbar tukunyarmu za ta ciyar in an cika ta. Na ce kamar talatin. Ta ce to in rubuta talatin, ita za ta dafa. 

An yi aikin sati biyu da suka wuce. Ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na abin da muka tara a shekara uku. An dace, amma ba yadda muka yi fata ba. Yana ganin abin da ke gabansa in ban da rubutu, kamar mai leƙe ta cikin bututu, gefe da gefe kuwa duhu ne. Likita ya ce zai riƙa ɗiga magani har ƙarshen rayuwarsa, kuma bai yi mana alkawarin shekara nawa ganin zai yi ba. Tuƙi dai ya ƙare. Abokin nan nasa mai gareji ya ce ya ci gaba da zuwa, don Dogo da jin ƙarar inji yake gane abin da ke damun mota, zai riƙa ba shi wani abu duk mako. Ba yawa, amma ya fi zama.

Sai muka koma kan takardarmu muna sokewa. Zaure ya tafi, har rabin kuɗin kama wurin da muka bayar mai shi ya riƙe. Katin gayyata ya tafi, masu kiɗa sun tafi, kayan sawa uku sun koma ɗaya, yadin da na saya tun bara shi za a ɗinka. A tsakar gidanmu za a yi, mai gidan haya ya yarda, maƙwabta sun ce za su kawar da igiyoyin shanya na yini ɗaya. Shugabarmu ta ɗakin wanki ta ce za ta roƙa mana aron tsofaffin zannuwan tebur, ni zan wanke in goge abina. Da abin da ya rage mun kama ɗaki da falo a ƙasa, kusa da garejin, don kada ya riƙa fama da bene da tsallaka babban titi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sunayen mutane. Ƙawayena na makaranta, 'ya'yan Goggo, matan da muke aiki tare shekara takwas, duk na ja musu layi. Na san za a yi magana, an ma fara. Ba zan ɓoye maka ba, ranar da na je janye zauren na tsaya a bakin ƙofa na kalli wurin da aka ce nan zan zauna, na fito ina share hawaye. Shekarata talatin da uku, Yaya, na daɗe ina hango ranar nan, kuma ba haka na hango ta ba.

Yanzu ga abin da nake roƙonka. Kawu ya ce shi ba zai ce komai ba sai ya ji daga bakinka, don kai ne a madadin Baba. Mun so a matso da ranar zuwa ƙarshen watan gobe maimakon bayan wata biyar, don a yi tun idonsa yana gani. Na san ba za ka sami hutu ba, ban kuma ce ka zo ba, kuɗin jirgi kaɗai ya fi bikin gaba ɗaya. Kuɗin zauren da ka ware, in ka amince, a mayar da shi na maganin ido, zai kai mu shekara. In kuma kana da taka buƙatar, wallahi ba komai, na san kai ma kana da nauyi. Yardarka nake nema fiye da komai. Ka kira Kawu, sannan ka kira Dogo da kanka, don shi kunyarka yake ji, yana ganin kamar ya yaudari gidanmu. In kana da faɗa ka yi mini ni, shi ya sha nasa. Ina jin tsoro, ban ce ba na ji ba. Wani lokaci ina tsaye gaban injin guga sai maganar Inna ta faɗo mini. Amma na auna zama da shi a haka da zama ba shi, na ga wanda zan iya.

Abu ɗaya ne muka yi gardama a kai. Na soke mai hoto, na ce Auta ta ɗauka da wayarta ya isa. Da na karanta masa sai ya ce in mayar, ko da za a rage nama. Na ce ina amfanin kashe kuɗi a hoto a wannan hali, ban ƙarasa ba na kama bakina. Ya gane abin da na so faɗa, ya yi murmushi ya ce ai ba don kansa ba ne. Ya ce, "In Allah ya ba mu yara, wataƙila ba za su taɓa sanina da ido ba. Ina so su ga akwai ranar da na tsaya ina kallon uwarsu." Na mayar da mai hoto, na rage nama.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka karanta mata wannan takarda in ka ga dama, ba na ɓoye mata komai. Ka shafa mini kan Babban Yaya da Mai Sunan Baba da 'yar autarku da ban taɓa ɗauka ba. Inna tana gaishe ku, ta ce ka rage aikin wuce lokaci. Auta tana gaisuwa, Kawu da Goggo ma haka. Ku sa mu a addu'a. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ina sauraronka.

Ƙanwarka,
wadda kake kira Ƙaramar Inna