Farin Fenti a Kan Fumfuna

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Baƙin nan na bangon ɗakin kwana ya kai kafaɗata. Lokacin da muka tare bai wuce tafin hannu ba, can ƙasan taga. Anti Rafi'atu, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, ta ce fumfuna ce, bututu ne ke yoyo a cikin bango. Ni a kan tsohon tuwo na san fumfuna, ban san tana cin gida ba.

Na ƙare wani littafin yau. Nan ma mijin ya kai matar Amurka, gidan gilashi, fure a bakin ƙofa, bahon wanka kamar tafki. Na rantse babu marubuciyar da ta taɓa hawa bene na huɗu a titin Grand Concourse, inda muke zaune. Duk da haka na fara na biyu.

Alhamis, 9 ga Janairu

'Yata Najat ta tashi ƙirjinta na kuka kamar ɗan mage. Shekararta biyu kacal. Asibiti tun safe har la'asar. Likita ta ce asma ce, ta ba mu abin shaƙa, ta tambaya ko akwai danshi a gidan. Baban Najat ya ce babu sosai. Na dube shi, bai dube ni ba.

A jirgin ƙasa na D ya ce mai gidan hayar ba ya son masu kai ƙara, kuma samun ɗaki a garin nan ba wasa ba ne. Na ce numfashi fa? Ya ce in rage murya, akwai 'yan gida a bayanmu.

Asabar, 11 ga Janairu

Kwabena, sufan da ke kula da benen, ya leƙo ya ce Litinin zai gyara bangon. Litinin ta biyar ke nan.

Talata, 14 ga Janairu

Anti Rafi'atu ta kira ofishin birni da wayata, tana tsaye da takalmi a ƙafa, za ta wajen tsohuwar da take jinya. Mai duba gidaje zai zo jibi. Ta ce in ya rubuta, dole mai gida ya fasa bangon ya gyara bututun.

Na gaya wa Baban Najat da ya dawo daga shago. Sai ya ce to, tunda an riga an yi, kada dai baƙo ya shigo ya ga gidansa kamar bola.

Maganar ta tsaya min a rai.

Laraba, 15 ga Janairu

Bayana kamar an daka. Na ajiye Najat a falo da wayata, na buɗe taga, na wanke bangon da jabel, ruwan bilicin nan, sau uku har hannuna ya yi fari. Tabon bai fita duka ba, sai na sauka na roƙi Kwabena ragowar fenti. Nan take ya ba ni, har da burushi, har ya ɗauko min zuwa sama. Ashe mutumin kirki ne.

Shafi biyu na yi. Na tura wadirob gefen taga, na rataya labulen aurena mai ruwan zuma. Da Inna ta gani da ta yi alfahari. A gida ma in baƙo zai zo, yaɓe take yi ta bi da farar ƙasa, ko da kwana ɗaya zai yi.

Baban Najat ya tsaya a ƙofa ya ce yau dai ya shigo gidan mace. Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Alhamis, 16 ga Janairu

Mai duba gidajen ya zo da hantsi. Dattijo ne baƙar fata, da fitila a hannu da allon rubutu. Na sa leshina kore, na yi turaren wuta tun safe, na dama kunun gyaɗa. Bai sha ba, amma ya gode.

Ya shiga ɗakin, ya haska bango, ya haska silin. Ya tambaye ni ko akwai matsala. Me ake ce wa baƙo in ya tambayi gida? Bakina ya riga ni, na ce lafiya lau da ɗan Turancina. Ya ce yarinyar fa? Najat na wasa da cokali a lokacin. Na ce da sauƙi.

Ya ce gidana yana da kyau. Minti goma bai yi ba.

Juma'a, 17 ga Janairu

Anti Rafi'atu ta shigo tana tambaya me ya rubuta. Na ja ta ɗaki don ta ga aikina. Ta tsaya. Ta zauna a bakin gado da jakarta a cinya.

"Amarya, wa ya aike ka?" Haka Hausarsu take, ka take ce min. "Mutumin ƙazanta ya zo gani, kai ka yi masa ɗakin amarci?"

Ta ce bai zo mata a rai ta gargaɗe ni ba, don ba ta zaci akwai mai yin haka ba. Ta ce ko na ɗauki hoton bangon kafin in shafa? Muka bi wayata kaf. Hotuna ɗari huɗu. Ni a gaban tagar falo, ni cikin dusar ƙanƙara, ni da Najat a titin 116 ranar Sallah. Duk na turawa gida. Bangon ko ɗaya.

Da na ce Kwabena ne ya ba ni fentin, dariya ta yi, mara daɗi. Ta ce ai har sama zai kawo.

Lahadi, 19 ga Janairu

Yau na tuna abin da ya faru a ƙauyenmu, can bayan Dakoro, ina 'yar shekara tara. Masu haƙa rijiyar burtsatse suka zo da farar mota su ga wane gari ya fi buƙata. Ruwan rijiyarmu ja ne, zartsi, yara kullum cikin gudawa. Mai gari ya ce ba a ba baƙo wannan. Aka tura jaki tun asuba garin da ke da ruwa mai kyau, aka tace, aka zuba a sabuwar ƙwarya. Aka sa wa yara kayan Sallah, marasa lafiya aka shige da su ɗaki. Baƙin suka sha, suka yaba, suka tafi. Rijiyar kuwa wani gari aka kai ta.

Har yau Inna jan ruwan nan take sha. Sau nawa na ba da labarin nan a Amurka ina dariya, ina cewa ƙauyanci?

Alhamis, 23 ga Janairu

Takarda ta zo. Ba a ga komai ba, an rufe magana. Baban Najat ya ninke ta ya ce alhamdulillahi, an rabu lafiya da mai gida.

Talata, 28 ga Janairu

Asibiti kuma. Sun sa mata abin numfashi a fuska, tana miƙo min hannu tana kiran Mama ta cikinsa. Wata likita ce daban. Ta tambayi danshi. Baban Najat ya buɗe baki, na riga shi. Na ce akwai, da yawa, na shafe da fenti ne. Ta ce in daina turaren wuta ma. Na ce to.

Muka dawo gida. Na mayar da katifar Najat falo.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na buɗe littafi, shafi uku na rufe. Matar tana kuka don miji ya manta ranar haihuwarta.

Na ja wadirob. Fentin ya kumbura, ɗigo baƙi guda bakwai sun leƙo. Na yi murna. Allah Ya yafe min, murna na yi. Na ɗauki hoto.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Hajiya Zeinabou, yayar Baban Najat, ta zo daga Harlem duba yarinya. Tun jiya ya ce in mayar da wadirob wurinsa, in saki labule. Na ce to.

Ta shiga ɗakin yin sallar azahar. Da ta fito ta dube ni, ta dubi ƙanenta, ta ce, "Issoufou, a nan 'yar take kwana?" Ya ce aikin mace ne ta gyara ɗakinta. Ni dai ina zuba shayi.

Ba da gangan na bar wadirob ɗin inda yake ba. Nauyi gare shi, kuma bayana bai warke ba. Labulen kuwa wanki yake so.

Anti Rafi'atu ta ce in baƙin ya kai faɗin faranti mu sake kira. Na auna da murfin tukunya bayan sun fita. Saura yatsa biyu.